Waken Suya "Naman Talaka" Ne? Gyara a Kan Lissafin Ciyar da Marayu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu hidimar marayu da yaran riƙo. Za ka ji an ce nama ya yi tsada, madara ta fi ƙarfin talaka, ƙwai sai gidan masu hali, don haka mafita ita ce waken suya. A haɗa shi da gero da gyaɗa, a niƙa, a dama wa yara, shi ke nan an gama da matsalar gina jiki. Hujjar da ake kafawa kullum ɗaya ce: kilo guda na waken suya ya fi kilo guda na nama yawan furotin, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na nama ba.

Wannan hujja gaskiya ce, kuma masu faɗinta mutane ne masu kyakkyawar niyya, da yawansu daga aljihunsu suke ciyar da 'ya'yan da ba su suka haifa ba. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta gyara lissafi. Idan aka auna abincin yaro da yawan furotin ɗin da naira ɗaya za ta saya, an auna abin da ya fi sauƙin samu, an bar waɗanda suka fi wuya. Yaron da ya fi shan wahalar wannan kuskure kuwa shi ne ƙaramin da ya rasa uwa, domin shi ne ba shi da nonon da zai cike masa giɓin.

A wannan rubutu za mu ɗora wannan ra'ayi a kan sikeli, mu ɗauki garin Tom Brown a matsayin misali, tunda shi ne fitaccen samfurinsa a ƙasarmu.

Inda masu wannan ra'ayi suka yi daidai

Furotin kamar gini ne da aka yi da tubala iri ashirin, waɗanda ake kira amino asid. Tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Idan ɗaya ya yi ƙaranci, gini ya tsaya ko da sauran sun yi tsibi. Hatsi irin su gero, dawa da masara suna da ƙarancin tubalin da ake kira layisin. Dangin wake kuwa suna da shi da yawa, amma suna da ƙarancin wani mai suna metiyonin, wanda hatsi ke da shi daidai gwargwado. Idan aka haɗa su, kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Iyayenmu sun daɗe suna wannan haɗi ba tare da sun san sunan sinadaran ba: ƙosai da koko, shinkafa da wake, kunun gyaɗa, tuwo da miyar da aka sa wa daddawa.

A cikin dangin wake, waken suya ne gaba. Busasshensa na ɗauke da furotin kimanin kashi 36 zuwa 40 cikin 100, ga mai kusan kashi 20. Farin wake da gyaɗa suna wajen kashi 25, gero kuma wajen kashi 11. Ɗanyen naman shanu bai wuce kashi 20 da 'yan kai ba, saboda yawancin nauyinsa ruwa ne. Ta fuskar inganci ma, furotin ɗin waken suya ya fi na kusan duk wani tsiro da muke ci kusanci da na dabba.

Tom Brown, yadda ƙungiyoyin agaji irin su CRS suka yaɗa shi a Borno da Yobe, mudu shida ne na hatsi, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. Ana soya su sama-sama, a cire ɓawo, a niƙa. Mata ne ke haɗa shi a unguwa da kayan da ake samu a kasuwar garin, ba a jiran jirgin ruwa ya kawo. Wannan babban abin yabo ne. Idan aka kwatanta shi da kokon gasara zalla da ake yaye yara da shi, tazarar tana da nisa.

Akwai kuma tsegumin da ya kamata a kawar tun yanzu, wai waken suya na mayar da yara maza mata ko ya hana su haihuwa. Binciken da aka tattara a kan maza masu cinsa bai nuna yana rage musu sinadarin mazakuta ba, kuma mutanen Sin da Japan sun shafe ɗaruruwan shekaru suna cinsa. Don haka sukar da za mu yi ba ta shafi wannan ba.

An taɓa bin wannan hanya

A farkon shekarun 1930, wata likita mai suna Cicely Williams da ke aiki a Akara, lokacin ana kiran Gana da Gold Coast, ta bayyana wata cuta da ke kumbura yara, ta sauya musu launin gashi da fata. A 1935 ta sa mata sunan da mutanen Ga ke kiranta da shi, kwashiyoko, wato ciwon yaron da aka ture daga nono saboda an yi masa ƙane. Duniya ta ɗauka cewa ƙarancin furotin ne babbar matsalar yaran ƙasashe matalauta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kan furotin a 1955, aka zuba kuɗi wajen ƙirƙiro garin kifi, garin gyaɗa, garin auduga da makamantansu.

A 1974 wani masani, Donald McLaren, ya buga maƙala a mujallar Lancet inda ya kira wannan yunƙuri babban ɓatan lissafi. Hujjarsa ita ce yawancin yaran abinci ne gaba ɗaya bai ishe su ba. Idan yaro bai samu isasshen kuzari ba, jikinsa zai ƙone furotin ɗin da aka ba shi a matsayin makamashi, kamar mai hura wuta da azarar da ya saya don rufin ɗaki. A daidai wannan lokaci kuma aka sake duba adadin furotin ɗin da yaro ke buƙata, aka ga an yi masa ƙari a baya.

Ko kwashiyokon ma, yau an san labarinsa ya wuce furotin kaɗai. Wani bincike a kan tagwaye a Malawi, wanda ya fito a 2013, ya nuna cewa ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjin yaro suna da hannu, shi ya sa ake samun ɗaya ya kumbura ɗaya bai kumbura ba alhali kwanonsu ɗaya. Ta ɗaya ɓangaren, wani binciken na 2016, shi ma a Malawi, ya samu cewa yaran da suka tsumbure suna da ƙarancin dukkan muhimman amino asid tara a jininsu. Ma'ana dai, ingancin furotin yana da muhimmanci, amma ƙafa ɗaya ce daga ƙafafun kujerar.

Masu kare garin tsiro kan kawo misalin Gwatamala. A can cibiyar INCAP ta ƙirƙiro wani gari mai suna Incaparina daga masara da garin auduga. Daga 1969 zuwa 1977 an riƙa ba yaran ƙauyuka biyu kunun da aka yi da shi, wasu ƙauyuka biyu kuma aka ba su wani ruwan zaƙi marar furotin. Bayan shekaru da dama aka bi sawun yaran, aka ga mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu suna samun ladan aiki da ya fi na sauran da kimanin kashi 46 cikin 100. Labari ne mai daɗi ƙwarai. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne kunun nan har da garin madara da sukari a cikinsa, kuma amfanin ya fi bayyana ne ga waɗanda suka samu tun suna ƙanana sosai.

Mu zauna mu yi lissafi

Ɗauki giram 100 na garin Tom Brown. Gero giram 60 zai ba ka furotin kusan giram 7, waken suya giram 30 ya ba ka kusan 11, gyaɗa giram 10 ta ƙara biyu da rabi. Jimla kusan giram 20. Yaro ɗan shekara biyar mai nauyin kilo 18 yana buƙatar abin da bai kai giram ɗaya ba a kan kowane kilo na jikinsa, wato kimanin giram 16 zuwa 17 a rana. Ka ga da wannan ɗan garin an biya bashin furotin na yini guda.

To kuzari fa? Giram 100 ɗin nan kalori 400 ne da 'yan kai, yaron kuwa yana buƙatar sama da 1,300. Furotin ya cika, kuzari bai kai sulusi ba. Wannan shi ne abin da McLaren ya faɗa shekara hamsin da suka wuce.

Lamarin ya fi tsanani ga ɗan shekara ɗaya. Cikin yaro a zama ɗaya yana ɗaukar kimanin giram 30 a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 10 zai sha kusan mililita 300, kwatankwacin kofi ɗaya babba. Gari idan ya dahu yana yin kauri, sai mai damawa ta ƙara ruwa don yaro ya iya haɗiya, ko don tukunya ta zagaya kowa. Kunun da garinsa kashi ɗaya ne cikin goma, sauran ruwa, kalori 40 kawai yake bayarwa a mililita 100. Cikin yaro ya cika taf da kalori 120, alhali yana buƙatar kusan 900 a rana. Sai ya cika cikinsa sau bakwai ko takwas kafin ya kai. Yaron da ke da uwa yana samun kusan sulusin wannan daga nono har cikin shekararsa ta biyu. Maraya ba shi da wannan rangwame. A gidan marayun da ake ɗora tukunya sau uku a rana, za ka ga yaro ya ƙoshi a ido, amma sikeli ya ƙi motsi.

Maganin wannan ba shi da tsada, kuma abin mamaki ba kasafai ake jin sa a cikin kiraye-kirayen neman taimako ba. Ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ƙara kalori 40 zuwa 45 ba tare da ya ƙara girman kunu ba, manja kuma ga bitamin A. Sannan akwai tsiro, wanda masu kunun zaƙi suka sani sarai. Hatsin da ya fara tsirowa yana da wani sinadari mai tsinka sitaci. Idan aka dama kunu mai kauri sosai aka barbaɗa ɗan garin tsiro yana da ɗumi, sai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, alhali garin da ke ciki ya ninka. A Tanzaniya an daɗe ana koyar da iyaye wannan dabara. Sai dai a sake tafasa kunun bayan ya tsinke, saboda tsafta.

Abin da wake ba zai iya bayarwa ba

A nan kalmar "naman talaka" ta fi yaudara. Nama, kifi, ƙwai da nono ba furotin kaɗai suke kawowa ba.

Na farko bitamin B12. Gero, waken suya da gyaɗa duk babu shi a cikinsu. Jini da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa suna buƙatarsa, kuma rashinsa ga ƙaramin yaro na iya barin lahanin da ba ya gyaruwa gaba ɗaya.

Na biyu sinadarin ƙarfe da zink. Akwai su a wake da hatsi, amma akwai kuma wani sinadari, fayitet, da ke riƙe su ya hana hanji tsotsa. Waken suya na cikin masu yawan fayitet. Jiƙawa, tsirarwa da barin ƙullu ya yi tsami suna rage shi. Cin abinci da mai bitamin C, kamar lemo, gwaba ko garin 'ya'yan kuka, yana taimaka wa ƙarfe shiga jini. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka haɗa wa yaro abincinsa da ruwan shayi asara ce.

Na uku kalsiyam. Giram 100 na garin nan bai kai rubu'in abin da ɗan shekara biyar ke buƙata ba. A 1999 Tom Thacher da abokan aikinsa a Jos sun wallafa binciken da ya nuna cewa yaran Najeriya masu ciwon lanƙwasar ƙashi, irin masu gwame da bauɗaɗɗun ƙafafu, sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Rana ba ta yi mana ƙaranci ba, abincin yaran ne babu nono a ciki. Madarar waken suya da ake tacewa a gida fara ce kamar nono, amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne. Awarar da aka haɗa da ruwan tsami ko tsamiya ita ma ba ta samun ƙarin kalsiyam ɗin da ake samu a wadda aka haɗa da gishirin kalsiyam.

An gwada wannan a aikace. A ƙarshen shekarun 1990, a makarantun firamare 12 na yankin Embu a Kenya, an riƙa ba yara dafaffen masara da wake. Wasu aka ƙara musu nama, wasu madara, wasu mai, aka daidaita kuzarin. Waɗanda suka samu nama su suka fi ci gaba a gwajin kaifin basira, kuma masu nama da masu madara ne B12 ya ƙaru a jininsu. Duk yaran suna cin hatsi da wake, bambancin ɗan abin da aka ɗora a kai ne.

Haka batun abincin tamowa na cikin leda, irin su Plumpy'Nut, wanda aka yi amfani da shi sosai a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Madara ce ta fi komai tsada a cikinsa, don haka masu bincike suka gwada yin sa da waken suya, masara da dawa kawai. A gwajin da aka yi a Zambiya da Kwango, bai kamo mai madara ba, musamman ga yaran da ba su kai shekara biyu ba. Sai da aka ƙara masa tatattun amino asid na masana'anta sannan ya yi kunnen doki da shi a wani gwaji a Malawi. Wannan kuwa ba abin da za a haɗa a tsakar gida ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake jaddada cewa aƙalla rabin furotin ɗin wannan abinci ya fito daga madara.

Don adalci, abincin dabba shi ma ba sihiri ba ne. A Ekwado, ƙwai ɗaya a rana na wata shida ya rage tsumburewar jarirai da kashi 47 cikin 100. Da aka maimaita gwajin a Malawi, a yankin da yara ke samun kifi, tsayinsu bai sauya ba. Darasin shi ne ɗan kaɗan na abincin dabba ya fi amfani a inda babu shi sam, kuma tukunyar da aka gina a kan gari zalla ita ce irin wannan wuri. Ba sai tsoka ba: ƙananan busassun kifi da aka daka da ƙayarsu, fara, ɗan yankin hanta sau ɗaya a mako, ludayin kindirmo, ƙwai ɗaya. Camfin nan na cewa yaron da ke cin ƙwai zai yi sata ya cuci yara da yawa, lokaci ya yi da za a binne shi.

Jaririn da ya rasa uwa

Wannan wuri ne da babu sassauci. Jaririn da bai kai wata shida ba, madarar waken suya ta gida ba abincinsa ba ce, kunu ma haka. Ba su da isasshen mai, sukari, kalsiyam da bitamin ɗin da yake buƙata, ga haɗarin gudawa daga ruwa da kwano. Mafi alheri a samu mai shayarwa, al'adar da addini da gargajiya duk suka san ta, bayan an yi mata gwajin lafiya har da na HIV. Idan ba ta samu ba, sai madarar jarirai ta gwangwani, a haɗa ta yadda aka rubuta, ba a tsinka ta don ta daɗe ba.

Wani zai ce ai akwai madarar jarirai ta gwangwani da ake yi da waken suya. Akwai, amma sunan ne kawai ya haɗa su da ta gida. Waccan an tace furotin ɗin, an ƙara metiyonin, mai, ma'adinai da bitamin bisa awo. Ko a masana'anta, kuskure ɗaya ya isa. A 2003 a Isra'ila an sayar da wata irin wannan madara da ba a sa mata bitamin B1 ba. Jarirai sun mutu, wasu suka tashi da lahani a ƙwaƙwalwa. Furotin ɗinta kuwa cikakke ne.

Daga wata shida zuwa shekara biyu, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 ta ce a ba yaro abincin dabba kullum, wanda ba ya shan nono kuma a ba shi madara. Idan kuɗin gidan marayu bai isa kowa ya sha madara ba, waɗannan ƙananan su ne farkon layi. Ɗan shekara goma zai iya rayuwa lafiya a kan tuwo, wake, awara da ɗan kifi jefi-jefi. Ɗan wata goma ba zai iya ba. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Yawancin wannan ɓarna kafin cika shekara biyu take faruwa.

Araha ba ta ado

Wanda aka ba kuɗi kaɗan aka ce ya ciyar da yara da yawa, dole idonsa ya tafi ga mafi araha a kasuwa. A gyaɗa da masara, mafi araha sau da yawa ita ce fasasshiya, yamutsattsiya, wadda ta sha danshi. Irin wannan ce fumfuna ke kamawa ta zuba mata gubar afulatoksin, mai lalata hanta. Suya da dafuwa ba sa kawar da ita, niƙa kuwa ɓoye ta yake yi. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya. Wani bincike a Binin da Togo a 2002 ya samu cewa yaran da suka fi wannan guba a jini su suka fi tsumburewa, kuma gubar na ƙaruwa ne bayan yaye. Tsince gyaɗa da hannu, zubar da masu baƙi da masu rami, shanya har ta bushe ƙayau, ajiya a bisa katako nesa da ƙasa, duk aiki ne da ke cin lokaci kuma yana rage mudu. Duk lissafin arahar da bai sa wannan a ciki ba, bai cika ba.

Shi ma waken suya yana da sharaɗi. Ɗanyensa na ɗauke da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin, sai zafi ya kashe shi. Idan aka yi suyar gaggawa don tsimin itace, yaro zai sha kumburin ciki kuma furotin ɗin da aka ƙirga a takarda ba zai shiga jikinsa duka ba. Idan kuma aka ƙona shi, layisin ɗin da ake nema ya lalace.

Hannun da ke ba da abincin

A 1948 wata masaniyar abinci 'yar Ingila, Elsie Widdowson, ta bi girman yara a gidajen marayu biyu a Jamus bayan yaƙi, kowanne da yara kusan 50. Wata shida na farko abincinsu ɗaya, amma yaran gida ɗaya suka fi ƙara nauyi. Sai aka fara ba wannan gida ƙarin burodi, jam da ruwan lemo. Abin mamaki, girmansu ya ja baya, na ɗaya gidan da ba a ƙara wa komai ba ya ƙaru. Da aka duba, ashe a daidai lokacin an yi wa shugabar ɗaya gidan canjin aiki zuwa gidan da ake ƙarin abincin. Mace ce mai tsanani, wadda ke zaɓar lokacin cin abinci ta yi wa yara faɗa a gaban 'yan'uwansu. 'Yan lelenta su takwas, waɗanda ta taho da su, su ne suka fi kowa girma.

Gida biyu ba su isa kafa doka ba, amma bincike mafi ƙarfi ya biyo baya. A farkon shekarun 2000 a Bukares ta ƙasar Romaniya, an ɗauki yara 136 daga gidajen marayu, aka yi ƙuri'a aka mayar da rabinsu hannun iyalan riƙo da aka horar kuma ake tallafa wa. Waɗanda suka koma cikin iyali sun kamo tsayi da nauyi, kuma gwargwadon kulawar da yaro ya samu gwargwadon yadda ya farfaɗo.

Kar mu yi saurin cewa ai mu riƙo muke yi, ɗa na kowa ne. Riƙon da aka auna a Bukares akwai kuɗi da sa ido a bayansa. A gidan da aka ƙara baki ba a ƙara hatsi ba, garin da aka bayar don maraya zai shiga tukunyar kowa, kuma babu mai zargin uwar gida a kan haka. A faranti ɗaya da yara biyar, ƙarami mai jin kunya, wanda bai saba da gidan ba, shi ne hannunsa zai fi jinkiri. Ba shi kwanonsa daban da zama kusa da shi har ya cinye na iya fin ƙarin mudun waken suya amfani.

Hukunci

Waken suya, wake da gyaɗa su ne ginshiƙin da ya dace a ɗora abincin marayu a kai a ƙasa irin tamu, kuma Tom Brown dabara ce mai kyau da ta cancanci yaɗuwa. Kuskuren yana cikin tallan da ake yi musu a matsayin madadin nama da madara, domin yana sa mai bayarwa ya ɗauka ya sauke nauyi, mai karɓa kuma ya ji kunyar neman ƙari.

Shirin da ya san abin da yake yi zai ware wani kaso na kuɗinsa, komai ƙanƙantarsa, don mai, kifi, ƙwai ko nono, ya fara da 'yan ƙasa da shekara biyu. Zai dama kunu mai kauri, ya ciyar da ƙanana sau huɗu ko biyar a rana. Zai kai yara a ba su bitamin A da maganin tsutsar ciki. Zai kuma auna yara, ba buhuna kawai ba. Tef ɗin awon dantse abu ne mai sauƙi ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 rawaya. Tom Brown na masu rawaya ne. Wanda ya faɗa ja, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, asibiti za a kai shi ranar, ba ƙarin kunu ba.

Kai kuma mai karatu, idan aka zo maka da kiran taimakon marayu, ka bayar. Amma ka tambaya: yara nawa ne ba su kai shekara biyu ba, me suke samu ban da gari, kuma yaushe rabon da a ɗora su a sikeli?